Turaren Yaya Sani a Ɗakin Ɓeraye

Tafiyar nan ba ta yi daɗi ba. Duk wanda ya ce maka Turai hutu ce, ka duba hannunsa da kyau, akwai abin da yake son sayar maka. Ni na je, na sha wuyar da ko jaki aka ɗora wa sai ya kwanta ya ƙi tashi, kuma har yau bayana bai yafe mini ba.

Sunana Garba. Mu mutanen wani ƙauye ne a gefen Watari, damina mu yi gero da dawa, rani mu bi ruwan dam mu yi tumatir da albasa. Ba kwaɗayi ya fitar da ni ba, yayana Sani ne ya zauna. Shi ne babba a gandunmu, kuma mai haɗa turare ne, ranar kasuwar Bagwai tun daga nesa hancinka zai kai ka teburinsa. Kawai sai abu ya same shi. Gabansa ya riƙa faɗuwa ba dalili, gumi ya jiƙa shi, ya ce numfashi na ƙwace masa. Ya bar kasuwa. Ya bar masallacin Juma'a. Ya bar gona. Daga ƙarshe ko ƙofar gida ta gagare shi. Ba hauka ba ne, don yana salla, yana cin tuwo, ya san kowa, in ka same shi a ɗakinsa har tsokanarka zai yi. Amma in ya zo bakin zaure sai ya dafa bango, ya miƙa wuya, ya leƙa waje, ya ja baya. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya, shiru. Iyalinsa da nawa da Innarmu duk suka dawo kan fartanya ɗaya. Shi ya sa na fita.

Agadas ce zangon farko. A nan na koyi cewa mai ce maka “ɗan'uwa” tun kafin ya tambayi sunanka, shi za ka fara tsoro. Wanda ya karɓe mu ya ce mota gobe. Goben nan ta yi ta haihuwar 'ya'ya har guzurina ya ƙare. Na sayar da agogo, na sayar da babbar riga. Abu ɗaya na ƙi sayarwa, wata 'yar kwalbar turare da Yaya Sani ya miƙo mini ta bayan labule, haɗinsa na kansa, almiski da sandal da wani abu da bai taɓa gaya wa kowa ba. Na ɗinke ta a cikin ƙugun wando.

Sahara ba zan yi dogon bayani a kanta ba. An jera mu a bayan mota kamar buhunan albasa, kowa da sanda tsakanin ƙafafunsa don kada ya faɗo. Wani mutumin Damagaram da ke gefena, da ruwana ya ƙare, ya riƙa tsiyaya mini nasa a murfin jarka. Ban san sunansa ba, a Libiya aka raba mu. Allah ya saka masa.

A Libiya na yi leburanci, na yi wa wani gini har ya kai linta, ranar sallama ya fito da bindiga ya tambaye ni ko mun taɓa haɗuwa. Na ce a'a, ranka ya daɗe, kama ce. Teku kuwa, mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin Watari ba, ka ɗora shi a kan roba mai iska, me kake so ya ce? Na karanta duk abin da na haddace, da ya ƙare na sake daga farko.

Abin dariya, da na isa Italiya aikin farko da na samu tsinkar tumatir ne. Na ƙetare yashi, na ƙetare ruwa, na zo na tarar da tumatir yana jira na. Mai kula da mu baƙar fata ne irinmu, shi ke ƙirga akwatuna, kuma idonsa ba ya ganin na ƙarshe. A can na bar bayana. Sai da aka daɗe, bayan zaman sansani da yawon ofis-ofis, takardata ta fito, wani kamfanin shara ya ɗauke ni. Suka tura ni wani gidan bincike a wajen gari, bene ne fari, ba hayaniya. Dattijuwar da ke shugabantar masu shara ta kai ni ƙarƙashin ƙasa, ta ba ni riga mai haɗe da wando, da hula, da takunkumi, da safar hannu, har takalmi sai da aka sa masa riga. Na ce a raina, to, ko dai masu cuta mai yaɗuwa ne a ciki. Ta buɗe ƙofa.

Ɓeraye ne.

Wallahi ɓeraye. Ƙanana, baƙaƙe, sumul-sumul, kowane gida a cikin akwatin roba mai haske, an jera su bene-bene har rufi. Da ruwansu, da abincinsu, da shimfiɗarsu ta garin katako. Ba zafi, ba sanyi. Fitila ma da lokacin kunna musu da lokacin kashewa. Ni da na tashi ina toshe ramin ɓera a gindin rumbu, ina bin gafiya da sanda, yau ni ne mai wanke musu ɗaki. Kayan nan da aka sa mini ba don kada su sa mini cuta ba ne, don kada ni in sa musu ne. Dattijuwar ta gaya mini dokoki da baki da hannu: ba ihu, ba buga ƙofa, ba abinci, ba turare. Na ce na ji.

Ban gaya wa mutanen gida aikina ba. Na ce asibiti nake.

Abin ya tsaya mini a rai. Ba a cin su, ba a sayar da su, to me ake yi da su? Ba wanda zan tambaya, Italiyancina na gaisuwa ne da sayen burodi. Sai wata rana ina goge ƙasa, tsintsiya ta faɗi, na ce “kai, tsiya!” Wata yarinya mai ɗankwali a ƙarƙashin hular aiki ta juyo.

“Ya Kawu, kai Bahaushe ne?”

Na ce ƙwarai kuwa. Sunanta Amna, 'yar Sudan ce, tana karatun zama dakta. Kakanta ya bar ƙasar Kano da ƙafa zai je Makka, ya tsaya a hanya yin guzuri, guzurin ya zama gida. Hausarta irin ta tsofaffi ce, ta cakuɗe da Larabci, in ta yi magana sai in ji kamar kakata ce ta dawo da tabarau.

Na ce, “'Yar nan, don Allah ɓerayen nan, wane laifi suka yi, ko wace sarauta suka gada?”

Ta yi dariya ta ce in zo in gani. Daga nan ta roƙa aka riƙa ba ta ni da rana, ina kawo mata akwatuna, ina goge wurin gwaji in ɓera ɗaya ya sauka kafin a ɗora wani.

Wurin gwajin wani abu ne kamar mararraba, hannu huɗu, an ɗaga shi sama ya kai ƙuguna. Hannu biyu suna da bango, lungu ne mai duhu. Hannu biyu fili ne fetal, ba abin dafawa. Sai a ajiye ɓera a tsakiya, kyamara na kallonsa daga sama. Shi ke nan. Ba duka, ba allura. Ana so a ga ina zai bi.

Na farko da ta ajiye ya shiga lungu, ya fito, ya taka fili har ƙarshe, ya leƙa ƙasa kamar mai duba rijiya, ya dawo. Na biyu kamarsu ɗaya, ko uwarsu ba za ta raba su ba. Shi ya shige lungu ya manne da bango. Can ya matso bakin fili, ƙafafun baya a cikin duhu, ya miƙa wuya, ya miƙa, hancinsa na rawa. Sai ya ja baya. Ya sake zuwa, ya sake ja.

Tsumman gugar ya tsaya a hannuna. Na san wannan miƙa wuyan. Na bar shi a bakin zaurenmu.

Na ce, “Shi wannan me ya same shi?”

Ta ce a cikin ƙwaƙwalwa, ta ɓera da ta mutum, akwai wani sinadari da ake kira sirotonin, yana kai saƙo daga wuri zuwa wuri. Amma saƙon ba ya shiga sai ta wasu ƙofofi da aka yi dominsa, kuma ƙofofin iri-iri ne. Wannan ɓeran, tun kakanninsa suna ƙwai aka taɓa ƙwayar halittarsu aka cire iri ɗaya na ƙofar, suka yi ta haihuwa a haka.

Na ce, “Tsaya. Kamar ruwa na gudu a kanal, amma fangali ɗaya ba a fasa masa baki ba?”

“Mene ne fangali?”

Sai da na zana mata ɗan filin shuka na lambu mai kewayen ƙasa a kan tebur da yatsa. Ta ce, “Aiwa, kusan haka. Ruwan yana nan, mashigar ce babu.”

“A'uzubillahi. Ku kuma ba kwa tsoron Allah? Ku shiga halittarsa ku ɗebe abu?”

“Ya Kawu, ba ka taɓa dandaƙe bunsuru ba?”

“Wannan daban.”

“Ta ina?”

Gaskiya har yau ina juya tambayar nan. Ta ce ba don wasa ake yi ba, mutane da yawa na fama da fargabar da ba ta da dalili, ana so a san inda take zama a jiki. Ta nuna mini yadda take ɗaukarsu. Ba ta kama wutsiya. Wani ɗan bututu take ajiyewa, ɓera ya shiga da ƙafarsa, sai ta ɗaga shi a ciki. Ta ce wanda aka saba cafkowa ta wutsiya tsoronsa ƙaruwa yake yi.

Na yi ta juya abin a raina, amma ban ce mata komai game da Yaya Sani ba. Na ce waɗannan hannun mutum ne ya taɓa su. Yayana wa ya cire masa wani abu? Lafiyarsa ƙalau har ya yi furfura. Nasa dai na iska ne, kamar yadda kowa ya ce.

Ana nan Kawu Bala, ƙanen babanmu, ya fara kira. Shi ne babba a dangi yanzu, kuma mutum ne da ba a ce masa a'a.

“Garba, yaron nan fa lallashi ya ƙare.” Yaron da yake nufi ya haura hamsin. “Akwai wani gidan mari da aka ba ni labari, can gaba da Ungogo. A sa masa ƙarfe a ƙafa, a fito da shi tsakar rana, abin da ke jikinsa ya ji wuya ya gudu. Ƙarti huɗu sun isa su ɗauko shi.”

“Kawu, Inna ta yarda?”

“Innarku kuka kawai ta iya. Kai ke ciyar da gidan, kai za ka ce to. Bayan girbi za a yi.”

Na ce Allah ya kai mu. Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Girbi kuwa yana ta matsowa.

A wurin aiki kuma wani abu ya ɓullo. Amna ta shiga damuwa. Ta ce gwajin wasu ranaku ya rikice: ɓeraye masu lafiya, waɗanda ba a cire musu komai ba, su ma sai su shige lungu su ƙi fitowa, har ba a bambanta su da masu tsoron. Ta duba fitila, ta duba abinci, ta sa an zo an saurari injin iska. Can ta lura duk ranar Juma'a ce.

Na ce, “To ko su ma sun san babbar rana ce, suna zaman lazimi?”

Ba ta yi dariya ba.

Ni kuwa ga yadda Juma'ata take. Akwai wani gareji da 'yan Maroko da 'yan Bangaladash suka mayar masallaci. In an tashi hutun rana sai in yi wanka, in warware kwalbar nan, in ɗiga kaɗan a yatsa in shafa a gemu da bayan kunne. Sauran ranaku ban taɓa karya dokar dattijuwa ba. Amma Juma'a? Mutum ya je masallaci ba turare kamar wanda ya fito daga turke? Kuma na ce ɗigo ɗaya ne, ga takunkumi, ga hula, ga riga har wuya, ta ina zai fita? In na sunkuya a sahu ƙamshin ya taso, sai in ga kasuwar Bagwai, in ga Yaya Sani yana ɗiga wa mutane a bayan hannu yana cewa in matarka ba ta yi maka magana yau ba ka dawo da shi. Abin da ya rage mini na gida ke nan.

Wata Juma'a da safe Kawu Bala ya kira. An gama yankan dawa. Ya ce ya yi magana da mai mota, gobe Asabar da hantsi za su je.

Na je masallaci, na dawo, muka yi gwaji, ɓeraye suka ƙi fita kamar kullum. Da muka fito waje na ja takunkumi ƙasa don in sha iska. Amna tana gefena tana cire safar hannu. Sai ta tsaya. Ta matso, ta ja numfashi.

“Ya Kawu. Me ka shafa?”

Na ce, “Ɗan ɗigon turare ne.”

“Kowace Juma'a?”

“Sunna ce, 'yar nan.”

Ta dafe kai da hannu biyu. Ta faɗi wasu maganganu da Larabci waɗanda na gode Allah ban gane ba. Ta ce hancin ɓera ba irin namu ba ne, da shi yake ganin duniya, baƙon wari a wurinsa kamar ka ji motsi a bayan ɗaki ne ba ka san ko waye ba. Ta ce aikin Juma'o'in nan duk ya tashi a banza, kuma dole ta gaya wa shugabanta. Na ce ki gaya, gaskiya ce. Sai ta zauna a kan benci, can ta ce a hankali, “Irin ƙamshin rigar kakana ne. A ina ka samu?”

A nan bakina ya buɗe. Na gaya mata Yaya Sani, da teburinsa, da bakin zaure, da miƙa wuya. Na gaya mata motar gobe.

Na ce, “In an kawo shi nan, za ki iya duba kansa ki ga ko mashigarsa ce ta toshe? Ki fasa masa?”

Ta ce, “A'a. Ni ba likitar mutane ba ce, kuma ɓera ba mutum ba ne. Ko a ɓerayen nan, ƙofar tana aikinta mafi girma tun suna jarirai, in sun girma ka mayar musu da ita ba ta gyara komai.”

Na ce, “Ashe yayana ya tafi ke nan.”

“Ban ce ba. Yayanka ba wanda ya cire masa komai. Ba ka ga na yau ba? Lafiyayyu ne, komai nasu cikakke, ɗigon turare ya mayar da su lungu. Kai kana jin daɗinsa, su suna jin mutuwa. In wani ya shigo bai san da turaren ba, me zai ce ya same su?”

Na ce, “Zai ce iska ce.”

“Ban san abin da ke damun yayanka ba, ya Kawu, ban gan shi ba. Amma abin da ka faɗa likitocin ƙwaƙwalwa sun san irinsa. Akwai magani, akwai kuma koya wa mutum fita kaɗan-kaɗan da ƙafarsa. Wasu na warkewa, wasu na samun sauƙi, ba zan yi maka alkawari ba. A Kano akwai asibitin. Abu ɗaya na sani tabbas.” Ta nuna ƙofar ɗakin ɓeraye da haɓa. “Ban taɓa ganin wanda aka ja ta wutsiya ya daina tsoro ba.”

Shugabanta ya kira ni kafin a tashi. Ya yi faɗa, Amna na fassarawa, ina jin tana rage wani abu. Ba a kore ni ba, an dai ce in na sake, hanya ta gan ni.

Washegari da na idar da sallar asuba na kira Kawu Bala. Na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi dawa, na tambayi ƙafarsa mai ciwo. Da gaisuwa ta ƙare ba inda zan ɓuya, na ce, “Kawu, a sallami mai motar nan.”

“Me ka ce?”

“Ba za a ɗaure shi ba. Asibiti za a kai shi, kuma ba ƙarti. Ranar da ya yarda.”

“Garba, ni kake gaya wa haka? Turai ta buɗe maka ido ko?”

“Allah ya huci zuciyarka, Kawu. Kai ka ce ni zan ce to. Ban ce ba.”

Ya kashe waya. Tun da aka haife ni ban taɓa yi masa haka ba. Na kira matata na ce ta kai wa Yaya wayar ɗakinsa. Na ji takunta, na ji kaji, na ji sallamarta.

“Garba?” Ashe ya ji labarin motar, bai runtsa ba.

“Yaya, ba mai zuwa. Na hana.”

Na ji ya sauke dogon numfashi. Don kada mu yi kuka mu biyu, na ce, “Yaya, ka san aikin da nake yi a nan? Ba asibiti ba ne. Kashin ɓera nake kwashewa.” Na ba shi labari tun daga rigar takalmi har mararraba, har ɓeran da ke miƙa wuya, har abin da turarensa ya yi wa Turawa.

“Kai, Garba! Ka haye teku don ka zama baran ɓera?” Sai dariya, irin tasa ta kasuwa, har da tari. “Kuma haɗina suka raina? Ɓerayen banza, ba su san kaya ba.”

Da ya lafa ya ce, “Shi mai leƙen nan, yana fita kuwa?”

“Wani lokaci yakan sa ƙafa ɗaya.”

Can ya ce, “Asibitin nan, in za a je, motar ta zo har bakin zaure. Kuma Inna ta zauna kusa da ni.”

“Har bakin zaure, Yaya.”

Na ajiye waya. Na wanke gemuna da sabulu har sau biyu, na naɗe kwalbar a cikin safa na tura ƙasan jaka. Asabar ce, amma ɓera bai san hutu ba. Na ɗauki rigar sanyi na fita tarar motar farko.